Al-Biruni: Malamin da ya hau dutse ya auna girman duniya

Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami ya hau dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya sauko da lissafin girman duniya. Sunansa Abu Raihan Al-Biruni.

An haife shi a shekarar 973 a yankin Khwarizm, cikin Uzbekistan ta yanzu. Tun yana matashi ya saba gwada abu da kansa kafin ya yarda da shi. A 997, yana birnin Kath, ya haɗa baki da masanin taurari Abul Wafa da ke Bagadaza suka lura da husufin wata a dare guda. Bambancin lokacin da kowannensu ya rubuta ne ya nuna musu nisan biranen biyu daga gabas zuwa yamma.

A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya tafi da shi fadarsa. Daga nan Al-Biruni ya samu hanyar shiga ƙasar Indiya.

Kafin zamaninsa, Halifa Ma'amun ya taɓa tura ayarin masana cikin hamada domin auna girman duniya, aikin da ke cin mutane da dukiya. Al-Biruni ya nemi hanya mai sauƙi. Ya fara lissafa tsayin dutsen daga ƙasa, sannan ya hau ƙololuwarsa ya auna kusurwar da ido ke sunkuyawa zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Da waɗannan alƙaluma biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyarta.

Da kamu ya yi awonsa, kuma tsawon kamu ya bambanta daga gari zuwa gari, shi ya sa juya sakamakon zuwa ma'aunin yau ya dogara da kamun da aka ɗauka. Adadin da aka fi ambata shi ne kusan kilomita 6,340, yayin da awon zamani ya ba da 6,371.

Irin wannan lissafi yana da amfani a ibada. A littafin da ya kammala a 1025, ya fitar da alƙiblar Gazna daga matsayinta da na Makka. Ya kuma gwada nauyin zinariya, azurfa da duwatsu masu daraja da nauyin ruwan da suke turewa idan an nutsar da su.

Ya rasu a Gazna, cikin Afganistan ta yau, wajen shekarar 1050, ya bar littattafai fiye da ɗari.