Nikola Tesla: Maƙerin injin da ya mutu da bashi

An haifi Nikola Tesla ranar 10 ga watan Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda yanzu yake cikin ƙasar Kuroshiya. Mahaifinsa limamin coci ne, ɗan ƙabilar Sabiyawa.

Ya karanci aikin injiniya a birnin Graz na Ostiriya, amma bai kammala ba. A 1884 ya isa New York, inda ya yi aiki a kamfanin Thomas Edison na 'yan watanni kafin su raba gari.

Injinan lantarki na wancan zamani sai an kai wuta cikin ƙarfen da ke juyawa ta wasu 'yan sanduna masu gogarsa, waɗanda ke tartsatsi, su kuma cinye da wuri.

Tesla ya kauce wa wannan. Ya jera naɗin wayoyi a jikin gangar da ba ta motsi, ya ba su wuta mai kai-komo, kowane naɗi na bin bayan ɗan uwansa. Sai aka samu maganaɗisu mai zagayawa, wanda ke haddasa wuta a ƙarfen tsakiya, ya kuma ja shi, ba tare da wata waya ta taɓa shi ba.

Sirrin injin dai shi ne ƙarfen ba ya taɓa cimma maganaɗisun. Da zai cimma shi, da maganaɗisun ya daina ratsa shi, wutar ta mutu, ƙarfin juyin ya tafi.

A Najeriya da Nijar, inda wuta ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun inji mai kawuna huɗu na zagayawa sau 1,500 a minti, ƙarfen kuma kimanin 1,450. Idan kaya ya yi nauyi, sai ya ƙara ja baya kaɗan, ya ƙara jan wuta. Haka fankar silin da famfon ruwa ke aiki.

A 1888 ya samu takardun mallakar ƙirƙirar, shekarar da Galileo Ferraris na Italiya ya wallafa irin wannan bincike da ya yi shi kaɗai.

George Westinghouse ya sayi izinin ƙera injin, amma a 1891, da kamfaninsa ya shiga matsalar kuɗi, Tesla ya yafe kason da ake biyansa, matakin da ya zo ya cuce shi.

Ya mutu ranar 7 ga watan Janairun 1943 a ɗakin wani otal a New York, yana da shekara 86, da bashi a kansa.