WILKIE COLLINS: BATUREN DA YA HANA MUTANEN INGILA BARCI

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani marubuci ɗan ƙasar Ingila, wanda ya karanci aikin lauya amma bai taɓa tsayawa gaban alƙali don kare kowa ba. Maimakon haka sai ya kwashe abubuwan da a ke tonawa a kotu, ya mai da su labari. Shi ne a ke ɗauka uban wani irin ƙagaggen labari da ya game Ingila daga 1860, wanda za mu iya kira labarin tayar da tsikar jiki.

An haifi William Wilkie Collins a birnin Landan ran 8 ga watan Janairu, 1824. Ubansa, William Collins, shahararren mai zanen hotuna ne, mutum mai tsananin riƙon addini. Yana yaro iyayensa suka tafi da shi ƙasar Italiya, suka zauna can daga 1836 zuwa 1838. Da ya kai shekara 17 aka sa shi aikin akawu wajen wani attajirin ganyen shayi. Aikin bai kwanta masa a rai ba, ya yi shekara biyar yana fama, sa'an nan ya koma karatun shari'a, ya zama lauya a 1851. Littafinsa na farko da aka buga, a 1848, tarihin ubansa ne wanda ya rasu shekara guda kafin nan.

A 1851 ɗin ne ya gamu da Charles Dickens, babban marubucin zamanin, wajen shirin wani wasan kwaikwayo. Dickens ya girme shi da shekara 12, amma jininsu ya haɗu. Suka riƙa tafiye-tafiye tare, Collins kuwa ya shiga yi wa mujallun Dickens rubutu. Daga baya ma abin ya zama surukuta, don ƙanen Collins ya auri 'yar Dickens a 1860.

To, kafin mu zo ga littafin da ya fito da shi, ya kamata mai karatu ya san halin da Ingila ta ke ciki a lokacin. Jirgin ƙasa ya ratsa ko'ina, kuma tun 1848 kamfanin W. H. Smith ya fara kafa rumfunan sayar da littattafai a tashoshi. An soke harajin jaridu a 1855, takardun labarai suka yi araha. Sabon littafin labari a kan buga shi kashi uku, a sayar sule 31 da sisi, kuɗin da ya fi ƙarfin ma'aikaci, amma mujallar Dickens mai suna All the Year Round kwabo 2 ce kawai, tana fitowa kowane mako da guntun labari a ciki. Sa'an nan a 1857 aka yi dokar da ta kafa kotun raba aure. Nan da nan asirin gidajen manya ya fara fitowa a jaridu, kowa ya ji abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa. Ga kuma labaran masu kashe mutum da guba, da masu aure bisa aure, da waɗanda dangi suka kulle a gidan mahaukata alhali da hankalinsu.

Akwai wani abu guda wanda ya fi waɗannan duka. A dokar Ingila ta wancan zamani, ran da mace ta yi aure kuɗinta da kayanta sun zama na miji, sai fa abin da iyayenta suka ɗaure da takardar lauya tun kafin ɗaurin aure. Wanda ya saba ganin matar aure riƙe da akuyarta da jarin sana'arta, maigida bai isa ya taɓa ba, zai yi mamakin wannan. Ba a fara gyara dokar ba sai a 1870, aka ƙarasa a 1882.

Kan wannan ne Collins ya gina The Woman in White, watau mace mai fararen kaya, wanda aka fara bugawa a mujallar Dickens cikin watan Nuwamba 1859, aka gama a watan Agusta 1860. Wani saurayi malamin zane, Walter Hartright, yana tafe da tsakar dare a hanyar Landan sai ya ji an dafa masa kafaɗa. Ya waiwaya ya ga mace sanye da fari fat tana tambayar hanya. Ashe daga gidan mahaukata ta gudo. Daga nan labari ya kai mu ga Laura Fairlie, yarinya mai gadon fam 20,000, wadda aka aurar ga Sir Percival Glyde, mai sarauta amma bashi ya yi masa katutu. Shi da abokinsa Count Fosco, wani ƙaton mutumin Italiya mai daɗin baki mai kiwon fararen ɓeraye, suka lura Laura ta yi kama da mahaukaciyar nan. Da mahaukaciyar ta mutu suka binne ta da sunan Laura, ita kuwa Laura suka kai ta gidan mahaukata da sunan matacciyar. Duk wanda ta gaya wa ko ita wace ce, sai ya ce haukan ke nan. 'Yar'uwarta Marian Halcombe, mace mai zuciyar maza, ita ta fid da ita.

Ba daga kansa kaɗai ya ƙago wannan ba. A wata rumfar tsofaffin littattafai a Faris ya sayi kundin shari'o'in Faransa, a ciki ya sami labarin wata mai dukiya da aka kulle da sunan wata don a ci gadonta. Karatun lauyan ma bai faɗi banza ba, gama ya tsara littafin kamar zaman kotu: kowane mutum ya zo ya faɗi iyakar abin da ya gani, ya ba wani wuri.

Mutane suka yi ta rububin mujallar, har 'yan kasuwa suka riƙa sa wa turare da mayafai sunan littafin. Dalilin kuwa shi ne, labaran ban tsoro na da can a kan kai su tsofaffin gidajen sarauta na ƙasashen waje, inda mai karatu ba zai taɓa zuwa ba. Collins ya ɗauko tsoron ya shigo da shi falon mutumin kirki, mai lauya da likita da barori. Mugun yana iya zama mijin da ke zaune da kai wajen cin abinci.

Wasu suka bi sawu. Ellen Wood ta fito da East Lynne a 1861, Mary Elizabeth Braddon kuma ta fito da Lady Audley's Secret a 1862, labarin kyakkyawar matar da ta yi aure bisa aure ta tura mijin farko cikin rijiya. Malaman coci suka yi ca. Henry Mansel na jami'ar Oxford ya rubuta doguwar suka a 1863, babban limamin cocin York ma ya yi tasa a 1864. Abin da ya fi ci musu rai, a ganina, bai wuce cewa uwargida da kuyangarta littafi ɗaya su ke karantawa ba, kuma matan da ke cikinsa ba masu haƙuri ba ne.

Collins bai saurare su ba. A No Name na 1862 ya nuna 'yan mata biyu da doka ta hana gado don an haife su kafin iyayensu su ɗaura aure. Armadale kuwa an biya shi fam 5,000 a kansa. A 1868 ya rubuta The Moonstone, labarin wani lu'ulu'u da sojan Ingila ya sato daga Indiya a yaƙin 1799, ya bar wa wata yarinya gado, ya ɓace a daren da aka ba ta. Ɗan sandan cikin da ya zo bincike, Saje Cuff, an siffanta shi da Jonathan Whicher, wanda ya binciki kisan wani yaro a gidan Road Hill a 1860. Abin lura, Indiyawa uku da ke bin dutsen ba su ne ɓarayin ba, kuma a ƙarshe dutsen ya koma inda aka sato shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga marubucin da ya rubuta shi shekara 11 kacal bayan boren Indiya na 1857. Mawaƙi T. S. Eliot ya ɗauki littafin a matsayin mafarin labaran 'yan sandan ciki na Ingila. Sherlock Holmes bai bayyana ba sai a 1887.

Cikin azaba ya rubuta shi. Uwarsa ta rasu yana tsakiyar aikin, ciwon gaɓoɓi kuma ya kwantar da shi har sai da ya riƙa faɗa ana rubuta masa. Don rage zafi ya ke shan lodanam, wani ruwan magani mai sa maye, har ya kama shi, bai rabu da shi ba sai mutuwa.

Gidansa ma labari ne. Bai taɓa aure ba. Ya zauna da wata bazawara, Caroline Graves, tun wajen 1858. A 1868 ta auri wani, shi kansa ya halarci bikin, amma ba a yi shekara uku ba ta komo. A wani gida dabam kuma ya ajiye Martha Rudd, wadda ta haifa masa 'ya'ya uku, a can kuwa da sunan William Dawson a ke saninsa. Ya san dokar gado sarai, saboda haka ya rubuta wasiyya ya ambaci 'ya'yan, ya raba dukiyarsa tsakanin gidajen biyu.

Bayan rasuwar Dickens a 1870 tauraronsa ya dusashe, ya koma rubuta littattafan gyaran doka da al'ada waɗanda ba su kai na farko armashi ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a 1889, ya mutu ran 23 ga watan Satumba, yana da shekara 65. Abokinsa Walter Besant ya ƙarasa littafin da ya bari. An binne shi a maƙabartar Kensal Green, kuma bisa ga umurninsa aka rubuta sunan The Woman in White a jikin dutsen kabarin. Da Caroline ta mutu a 1895 aka sa ta cikin kabarin nan tare da shi. Martha ce ta ci gaba da kula da shi.