Jacob Grimm: Malamin da Ya Bi Sawun Baƙaƙe da Wasula

An haifi Jacob Grimm a garin Hanau na ƙasar Jamus a 1785. A littafinsa na nahawu, bugun 1822, ya nuna cewa sauyawar baƙaƙe a dangin harsunan Indiya da Turai ƙa'ida take bi. Inda Latin ke da p, kamar pater da piscis, Ingilishi f gare shi: father da fish. Ya kuma nazarci sauyin wasula irin na sing, sang, sung.

A 1837 Sarkin Hanover ya kore shi daga Jami'ar Gottingen don ya ƙi amincewa da soke tsarin mulki. Ya rasu a Berlin a 1863 bai kammala ƙamusunsa ba, sai a 1961 aka gama shi. Mu da muka tsufa a aji, muna yi wa 'ya'yanmu na birni sha'awar irin wannan riƙo da harshen iyaye.