Ladi Kwali: Maginiyar da ta kai randar Gbagyi zaurukan baje kolin duniya

Takardar Naira 20 tana ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed a gabanta. A bayanta kuwa akwai hoton wata mata ta duƙufa kan aikin yumɓu, an rubuta sunanta da ƙananan baƙaƙe. Wannan ita ce Dakta Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gbagyi, wadda ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, kuma manyan gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Amurka suke ajiye da aikin hannunta har yau. Tarihinta ya nuna yadda sana'ar da matan karkara suka gada kaka da kakanni ta samu shiga zaurukan baje kolin fasaha, da kuma abin da sana'ar ta samu da abin da ta rasa a kan wannan hanya.

Haihuwa da tasowa

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Sunanta na rana ne, domin Ladi ake kiran mace da aka haifa ranar Lahadi, Kwali kuwa sunan garinsu ne da ya zame mata laƙabi. Ta fito daga al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma suna zaune a Babban Birnin Tarayya da jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da Kogi.

A wannan ƙasa ginin tukwane sana'ar mata ce. Yarinya takan tashi ta ga iyayenta mata suna haƙo yumɓu, suna kwaɓawa, suna ginawa, ita ma ta bi sahu. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta Ladi ta koyi sana'ar tun tana ƙarama, ta fara da ƙananan kasake da tukwanen girki, har ta kai ga manyan randunan ruwa, waɗanda su ne ma'aunin gwanintar maginiya.

Yadda ake ginin Gbagyi

Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da inji. Takan ajiye curin yumɓu a kan wani abin ɗorawa, ta nutsa hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jan bangon zuwa sama. Maimakon tukunyar ta juya, ita maginiyar ce take zagaya ta, tana sunkuye. Idan gindi ya samu, sai ta mulmula yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, tana matsewa da yatsu, tana shafewa, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya da baki su fito. Da ido da hannu kaɗai ake samun daidaiton da randa ke bukata don ta zauna daram.

Kafin yumɓun ya bushe sarai ake yin ado. Ladi takan raba jikin randar gida-gida da layuka, ta mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan sassaƙaƙƙen itace a kai don ya bar sawu, sannan ta ɗauki tsinke ko wuƙa ta zana halittun da ta sani a dajin ƙasarsu: kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da maciji da kifi da tsuntsaye. Bayan an shanya, sai a jera tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta bai kai ya toshe ƙananan ƙofofin jikin yumɓu ba. Shi ya sa randar ƙasa take tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ruwan da ke ciki ya yi sanyi. Wannan hikima ce ta sa randa ta zama firjin mutanen karkara tun kafin zuwan lantarki.

Fadar Sarkin Abuja

Abujar wancan zamani ita ce garin da ake kira Suleja a yau. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya raba su da Zariya, kuma ta samu sunanta daga Sarki Abu Ja. A lokacin da sunan Ladi ya fara fita, Alhaji Sulaimanu Barau ne yake kan karaga, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mai sha'awar tarihi da al'adun ƙasarsa. Randunan Ladi sun ba shi sha'awa, ya mallaki da dama daga cikinsu ya ajiye a gidansa. Haka fadar ta zama wuri na farko da aka kalli aikinta a matsayin abin kallo, bayan amfaninsa na ɗiban ruwa.

A can ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya gan su a shekarar 1950. Cardew magini ne da ya koyi aiki a wurin Bernard Leach a garin St Ives, kuma ya taɓa aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi a matsayin jami'in harkar tukwane a Sashen Ciniki da Masana'antu, ya zagaya Arewa yana duba inda ya dace a kafa makarantar horar da magina. Abuja ta cika sharuɗɗan da yake nema: akwai yumɓu mai kyau, akwai itacen wuta, akwai ruwa, ga kuma sarki mai goyon baya. A watan Afrilun 1952 aka buɗe Cibiyar Horar da Ginin Tukwane ta Abuja.

Mace ta farko a cibiyar

Ɗaliban farko duk maza ne, domin manufar gwamnati ita ce a samar da masana'antar kayan tangaran, wato farantai da kofuna da butocin shayi, waɗanda za su rage dogaro da na ƙasashen waje. A shekarar 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta zo a matsayin ƙwararriya mai sunanta, amma ta zauna ta koyi sabon aiki daga tushe: ginawa a kan faifai mai juyawa, haɗa ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran, da gashi a cikin rufaffen tanderu. Ta yi farantai da kwanuka da kofuna, tana ƙawata su da irin zanenta na gida.

Sai dai ba ta bar randa ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, amma da yumɓun cibiyar mai jure wuta. Takan cike ramukan zanen da farar laka, ta goge saman, a shafa ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Idan randar ta fito, sai a ga kunama da hawainiya sun bayyana ƙarƙashin ƙyallin, jikin yana ɗaukar ido da launin kore mai duhu ko ruwan ƙasa. A jikin kayan akan buga hatimin cibiyar, wato sunan Abuja da rubutun ajami, tare da haruffan LK, alamar mai aikin.

Shigarta ta buɗe ƙofa ga wasu mata. Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto duk sun yi aiki a cibiyar, kuma randunan da suka gina da hannu sun zama daga cikin kayan da suka fi fito da sunan wurin.

Riba da hasarar sabuwar randa

Randar da ta fito daga tanderun Abuja ta fi ta Kwali ƙarko da ƙyalli, amma ta yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba. Ƙyallin ya toshe ƙofofin jikinta, don haka ta daina sanyaya ruwa. Kuɗinta kuma ya wuce ƙarfin mutanen ƙauyen da suka ƙirƙiro siffarta. Abin da aka gina don sha ya koma abin ajiyewa a falo da zauren baje koli, masu sayensa kuwa akasari Turawa ne da manyan ma'aikata.

Masana tarihin fasaha sun daɗe suna tattauna wannan sauyi. Wasu na ganin tsarin mulkin mallaka ne ya raba sana'ar da masu ita, ya kuma sa sai da Bature ya yaba kafin duniya ta waiwayo. Wasu kuma na nuni da cewa Ladi ta riga ta shahara a ƙasarta kafin zuwan Cardew, kuma ita ce ta shigar da ginin Gbagyi cikin cibiyar da aka kafa don koyar da fasahar Turai, har ya zama shi ne abin alfaharin wurin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne burin gwamnati na wadata gidajen 'yan ƙasa da tangaran ɗin gida bai cika ba. Kwanukan ƙarfe masu fenti, daga baya kuma na roba, sun fi araha da sauƙin ɗauka, su suka mamaye kasuwa. Randunan matan ne suka riƙe martabar cibiyar.

Daga Legas zuwa Landan

An baje kayan cibiyar Abuja a zauren Berkeley da ke tsakiyar birnin Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. A 1960 an nuna aikinta a bukukuwan samun 'yancin kan Najeriya. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, inda ta yi ginin randa a gaban jama'a a Farnham da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew, ta kuma yi irin wannan a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, tana nuna wa ɗalibai da malaman fasaha yadda mace ɗaya, da curin yumɓu da hannuwa biyu, take tayar da babbar randa ba tare da inji ba.

Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, Ladi kuwa ta ci gaba da aiki da koyarwa a nan. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurinta da sauran matan. Odundo ta zama ɗaya daga cikin fitattun maginan duniya a yau, kuma ana ganin tasirin ginin Gbagyi a aikinta.

Lambobin yabo

A farkon shekarun 1960 Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke bai wa masu ilimi da fasaha, sai kuma lambar OON a 1981. A wannan tsakani ƙasar haihuwarta ta sauya fasali: a 1976 gwamnatin Murtala ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, sunan Abuja ya koma kan sabon birnin, tsohon garin ya zama Suleja a Jihar Neja, Kwali kuma ta faɗa cikin yankin birnin tarayya. A farkon shekarun 1980 aka sauya wa cibiyar suna zuwa na Ladi Kwali.

Rasuwa da abin da ta bari

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew. A Abuja an sa wa wani titi sunanta, haka ma wani babban zauren taro da ya yi suna a birnin. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar Naira 20 mai ɗauke da hotonta. Gidan adana kayan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a Wales duk suna ajiye da kayanta. A 2022 an yi wani baje koli a Two Temple Place da ke Landan kan mata baƙaƙen fata da aikin yumɓu, wanda ya soma da ayyukanta, kuma ranar 16 ga Maris na wannan shekara kamfanin Google ya karrama ta da zane a shafinsa na farko.

A gida kuwa lamarin ya sha bamban. Cibiyar Suleja mai ɗauke da sunanta ta shafe shekaru cikin halin ko-in-kula, kuma ɗan Najeriya da ke son ganin fitattun randunanta sau da yawa sai dai ya gan su a hoto. Sana'ar kanta ba ta mutu ba. A Ushafa da ke yankin Bwari, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a shekarar 2000, mata na ci gaba da gini, haka ma a ƙauyuka da dama na Neja da Nasarawa. Daga Kwali har zuwa garuruwan ƙasar Lafiya irin su Ashige, gidan da ba shi da tabbacin lantarki ya san darajar ruwan randa.

Gwanintar Ladi a ƙauye ta samo ta, amma sunanta ya fita ne saboda an samu sarkin da ya ajiye aikinta inda baƙo zai gani, da makarantar da ta bar ta ta buga alamarta a jikin kayanta, da zaurukan da suka rubuta sunanta kusa da randarta. Yawancin matan da ke wannan sana'a a yau suna sayar da kayansu a bakin titi da kasuwannin mako, babu sunan kowa a jiki. Shaguna da otal-otal da zaurukan fasaha na Abuja da Lafiya da Minna suna da filin da za su baje wannan aiki tare da sunayen masu shi, kuma gyara cibiyar Suleja nauyi ne da ke kan hukumomin da suka gaje ta.