Hudson Taylor a Bakin Teku

An haifi James Hudson Taylor a garin Barnsley, cikin ƙasar Ingila, ran 21 ga Mayu, 1832. Ubansa mai sayar da magani ne, mai wa'azi kuma. Yaron ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu yana da shekara 17. Cikin 1853 ya shiga jirgin ruwa domin ya kai bishara ƙasar Sin, ya sauka Shanghai ran 1 ga Maris, 1854. Ya koyi harshen mutanen, ya sa irin tufafinsu, can kuma ya auri Maria Dyer. Amma cikin 1860 ciwo ya komo da shi gida.

Jikinsa yana London, zuciyarsa kuwa tana Sin. Yawancin masu bishara sun tsaya a biranen gaɓa, ga larduna 11 can ciki ba su da ko ɗaya. Ya sani Allah yana so ya roƙi ma'aikata dominsu, amma tsoro ya hana shi. Idan ya kai 'ya'yan mutane ƙasa mai nisa, ba tabbacin albashi, yunwa ko cuta ta kashe su, alhakinsu a wuyan wa? Bai buɗe wa kowa cikinsa ba. Barci ya ƙaurace masa, ƙarfinsa ya soma ƙarewa.

Wani abokinsa ya kira shi Brighton, wani gari a bakin teku, domin ya huta. Ran Lahadi, 25 ga Yuni, 1865, ya tafi sujada. Da ya ga majami'a cike, jama'a suna murna da cetonsu, ya tuna da masu mutuwa ba su ji ba, sai ya kasa zama. Ya fita shi kaɗai, yana tafiya a kan rairayi. Ba kowa sai iska da raƙuman ruwa, ga teku shimfiɗe har inda ido ya gaza. A nan Allah ya nuna masa cewa bawan da ya bi umurni, nauyin abin da ya biyo baya na Ubangijinsa ne. Ya miƙa kansa, ya roƙi ma'aikata 24, biyu biyu domin kowane lardi, biyu kuma domin Mongoliya. Ya rubuta roƙon cikin Littafi Mai Tsarki nasa, ya koma gida da salama, ya sami barci.

Bayan kwana biyu ya ajiye fam 10 a banki da sunan sabuwar ƙungiya, China Inland Mission. Ran 26 ga Mayu, 1866, ya tashi da iyalinsa da ma'aikata 16. Abin da ya ji tsoro bai ƙi zuwa ba. 'Yarsa Grace ta rasu cikin 1867, Maria kuma cikin 1870. Ya yi kuka, amma bai sāke ɗaukar kayan da ya sauke a Brighton ba. Sa'ad da ya rasu a Changsha ran 3 ga Yuni, 1905, ma'aikatan ƙungiyar sun fi 800. A kan irin wannan tafarki na bangaskiya ne Gowans da Kent da Bingham suka sauka Ikko cikin 1893, mafarin aikin S.I.M. ke nan a ƙasarmu.

'Yan'uwa, mu a Gyadi-Gyadi da Tarauni ba mu da teku, sai ƙarar motocin Hanyar Zariya. Amma ba ruwan gishiri ne ya warkar da Taylor ba, Mahaliccin teku ne. Yesu kansa ya koyar a bakin Tekun Galili, yakan kuma fita da asuba zuwa wurin da ba kowa domin addu'a. Kai mai bishara, ke uwar gida, wane kaya ne ya hana ku barci? Ku nemi gindin itace a bayan gari, ko bakin Kogin Challawa, ku sauke shi a gaban Mai shi, sa'an nan ku koma ku yi abin da ya umurce ku.