Samuel Hahnemann: Likitan da Ya Mai da Tsiro Mai Dafi Maganin Sanyin Ƙashi

An haifi Samuel Hahnemann ranar 10 ga Afrilu, 1755, a garin Meissen da ke ƙasar Jamus. Mahaifinsa mai zanen ado ne a jikin tangaran. Ya yi karatu a Leipzig da Biyana, sannan ya sami digirin likita a Jami'ar Erlangen a 1779.

A wancan zamani, likitocin Turai kan tsaga jijiyar majiyyaci su zubar da jini mai yawa, ko su ɗura masa magunguna masu guba. Wannan ya dami Hahnemann, har ya ajiye aikin likita ya koma fassara littattafai domin ciyar da iyalinsa. A 1790, yana cikin fassara littafin William Cullen, sai ya gwada shan ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin. Ya ce ya ji alamomi irin na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya gina ra'ayin cewa abin da ke haifar da alamar cuta ga mai lafiya, shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Ya kira tsarin homiyofati, ya kuma bayyana shi a littafinsa Organon a 1810.

Cikin abubuwan da ya gwada akwai Rhus toxicodendron, wani tsiro na Arewacin Amurka da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje idan ya taɓa fata. Mabiyansa sun riƙa ba da shi ga masu sanyin ƙashi, ciwon baya da cututtukan fata. Ana sirka kashi ɗaya cikin kashi ɗari, a girgiza, a maimaita har sau 30. Ilimin kimiyya ya nuna cewa bayan kamar sau 12, da wuya a sami ko ƙwayar tsiron a ciki.

Rigima da masu haɗa magunguna ta sa ya bar Leipzig zuwa Köthen a 1821. A 1835 ya auri wata Bafaranshiya, Mélanie d'Hervilly, suka koma Faris, inda ya mutu ranar 2 ga Yuli, 1843, yana da shekara 88.

A 1983, mujallar Lancet ta buga wani gwaji da ya nuna cewa maganin wannan tsiro bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta amfani ga masu ciwon gaɓoɓi ba. A 2015 kuma, hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce ba ta sami cutar da homiyofati ke warkarwa ba.

Hahnemann ya yi daidai da ya ƙi zubar da jinin majiyyata, amma maganinsa bai ci gwaji ba. Don haka ya kai mai karatu, idan sanyin hunturu ya tayar wa kakanninmu da ciwon gwiwa, a Dogo Nini ne ko a wani wuri, mu fara kai su asibiti kafin kuɗinsu ya ƙare wajen masu tallan magani.