Frank Parsons

Frank Parsons (14 ga Nuwamba, 1854 – 26 ga Satumba, 1908) malami ne kuma lauya ɗan Amurka, wanda ake ɗauka a matsayin uban fannin ba wa matasa shawara kan zaɓen sana'a.

Rayuwar farko

An haife shi a Mount Holly, jihar New Jersey. Ya karanci injiniyanci a Jami'ar Cornell, ya kama aiki da kamfanin jirgin ƙasa, sai karyewar tattalin arziki ta 1873 ta raba shi da aikin. Ya yi leburanci, ya yi koyarwa, sannan ya zama lauya a 1881. Shi kansa ya sha lalube kafin ya samu sana'ar da ta karɓe shi.

Aiki

A Janairun 1908 ya buɗe ofishin ba da shawara a Boston, inda 'ya'yan talakawa da na baƙi ke barin makaranta su faɗa duk aikin da suka samu. Ya koyar da cewa yaro ya fara sanin kansa, ya san abin da kowace sana'a ke buƙata, sannan ya auna biyun. Ofishin bai cika shekara ba ya rasu. Littafinsa Choosing a Vocation ya fito a 1909, daga baya makarantun Boston suka naɗa malamai masu ba ɗalibai shawara.

A Najeriya an fara irin wannan aiki a 1959, a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan.